Al'adar da Yafet Ya Ƙago

Duk wanda ya san Yafet a cocin Hausa da ke unguwar Soundview, can Amurka, ya san ba a ba shi makirfo sau biyu. In aka ce ya yi addu'ar abinci, tuwo zai huce, miya ta yi fata a sama, yara su fara gyangyaɗi kafin ya iso ga amin. Aikinsa a asibiti ɗaukar hoton ƙashi da na ƙirji ne, amma a ƙauyensu da ke bayan Malumfashi Dokta ake ce masa, shi kuma bai taɓa ganin dalilin ɓata wa mutane rai da gyara ba.

Irin wannan mutumin ne Allah ya jefa cikin 'yan Kweka. 'Yarsa Nankling ce ta samu gurbi a wata makarantarsu a can Manhattan. Kweka wata ɗariƙa ce ta Kirista da ke kiran kansu Abokai. Ba su da fasto, ba su da mumbari, ba ganga ba waƙa. Ibadarsu ita ce a zauna a kan benci ana fuskantar juna, a yi shiru, sai wanda zuciyarsa ta motsa ya tashi ya faɗi 'yar magana ya koma ya zauna. Sannan ba su san muƙami ba. Shugabar makaranta ma da sunanta ake kiranta. Ranar farko da Yafet ya kai Nankling, wata 'yar mitsitsiyar yarinya mai giɓi ta karanta takardar suna da aka manna masa a ƙirji, ta ɗaga kai ta ce, "Hai, Yafet." Sai da ya waiga ya ga ko akwai wani yaro mai sunansa a bayansa. Babu. Ya ji kamar an cire masa hula a tsakiyar kasuwa.

Amma Yafet ba ya shiga abu da ƙafa ɗaya. Kafin shekara ta zagayo ya fi masu abin son abinsu. Ya haddace aƙidun makarantar da ke rubuce a bango, su sauƙin kai da zaman lafiya da gaskiya da daidaito, yana karanto wa mutane a coci ko ba su tambaya ba. Ya shiga kwamitin tarbar sababbin iyaye da niyyar zama ciyaman, sai ya tarar babu ciyaman. Babban muƙami a wurin akawu ne, kuma wata tsohuwar Baturiya mai suna Elisabet ce ke riƙe da shi. Ba a jefa ƙuri'a. Ana ta magana ne, ana ta shiru, har sai kowa ya yarda.

Shirun nan shi ne matsalar Yafet. Ƙaiƙayi yake masa. A wani zama na bara, ana neman yadda za a riƙa tarbar sababbin yara a farkon zango, aka yi shiru mai tsawon da ya ji cikinsa na ƙugi, kuma ya tabbata kowa na ji. Kafin ya ankara ya ga kansa a tsaye.

"A Afirka," ya ce.

Ya daɗe da gano cewa kalmomin nan biyu suna buɗe kowace ƙofa a makarantar. Da ya furta su, kowa zai gyara zama, a karkato kai.

"A Afirka, yaro ba ya shiga cikin jama'a sai mahaifiyarsa ta tashi a gaban kowa ta kira sunansa da ƙarfi. Sai jama'a su amsa, su ce sun karɓe shi. Daga ranar ya zama ɗan kowa."

Bai taɓa ganin an yi haka a ko'ina ba. Nan take ya ɗinka abin, daga guntun bikin suna, da guntun kiran rajista na firamare, da wani abu da ya taɓa gani a talabijin. Elisabet ta cire tabarau ta share ido. Kwamitin da ya shafe zango guda bai daidaita kan launin labule ba, ranar nan kowa ya yarda ba musu. Aka yi bikin a watan Satumba, iyaye suka yi kuka, aka sa masa suna Kiran Suna, aka ce an samo shi daga hikimar mutanen Yafet.

Matarsa Filomina, mutuniyar Pankshin, nas ce mai gajeren zance. A jirgin ƙasa suna komawa gida ta dube shi ta ce, "Baban Nankling, a wace Afirkar ake yin wannan?"

"Afirka tana da faɗi," in ji shi.

Ta dai ajiye maganar a inda za ta same ta.

Bana, da zango ya kusa, Elisabet ta kira shi tana murna. An ɗauki wata yarinya daga unguwar Tremont, iyayenta mutanen Ghana ne, kuma an ce Hausa suke yi a gida. Wa ya fi Yafet dacewa ya zama jagoransu? Ya amsa da cewa aikin ya zo hannun masu shi. Ranar Asabar ya goge takalmi ya hau bas.

Hajiya Hawawu 'yar Zongon Kumasi ce, kuma shagonta ba ƙarami ba ne. Atamfa a gefe guda har rufi, garin rogo da manja da busasshen kifi a ɗaya gefen, ma'aikata na kai da kawowa, ita kuma tana kan doguwar kujera a bayan kanta da waya a kowane hannu. Yafet ya gaishe ta, ya gabatar da kansa, bai ce Dokta ba, amma ya bar wurin da za a iya sa shi. Sannan ya fara jawabi. Ya bi aƙidun bango ɗaya bayan ɗaya, da misalai. Ta saurare shi tana sallamar masu saye.

"Baban Nankling, abu ɗaya nake so in ji," ta ce da ya tsaya shan iska. "Sukuu ɗin nan, makarantar taku, ba za su juya min yarinya su kai ta coci ba?"

"Hajiya, mutanen nan ko ni da nake Kirista ban ga cocinsu ba tukuna. Shiru kawai suke yi. In ta ga dama ta yi ta salati a zuciyarta, ba wanda zai tambaye ta."

"Shiru yana da kyau paa, sosai ma," ta ce. "A gidana ba a samunsa."

Ganin kasuwa ta yi kyau, sai ya fito da babban kayansa. Ya kwatanta mata Kiran Suna, yadda yarinya za ta miƙe, uwa ta tashi ta kira sunanta a gaban iyaye da malamai, ɗaki duka ya amsa. Har murya ya sauya. "Ke kawai za ki ce, Raudatu, da ƙarfi, shi ke nan."

Hajiya ta ajiye wayoyin duka biyu a kan kanta.

"Wane ne ya kawo wannan?"

"Al'ada ce," in ji Yafet. "Ta makarantar. Ta daɗe."

"To su riƙe abinsu. Sunan uwana ne yarinyar nan take ɗauke da shi. Ni in buɗe baki a cikin taro in kama sunan uwana kamar ina kiran 'yar aiki? Ba na iya kuraa, ko kaɗan. Tun da aka yanka mata rago Mma nake ce mata."

"Maigidan fa? Malam Kadri?"

"Sunan surukarsa zai kama? Kai ma dai. Kuma yana kan hanya da tirela, sai ƙarshen wata."

A lokacin ne Yafet ya lura da yarinyar. Tana zaune a kan buhun shinkafa a bayan atamfofi, siririya mai ɗan hijabi ruwan toka, littafi a cinya. Ta ji komai. Hausar duk tana shiga kunnenta, amma da Turanci take fitowa, kamar yawancin yaran da aka haifa a nan.

"Kowa mamansa za ta kira shi," ta ce da Turanci, ba ta ɗago kai ba. "Ni kaɗai zan tsaya kamar wadda ba ta da kowa." Ta juya shafi. "Ba ta taɓa faɗa ba ai. Ko sau ɗaya. Ban san yadda sunana yake a bakinta ba."

Hajiya ta kawar da fuska ta shiga gyara kwalaben man kaɗe da ba su karkace ba. Maganar ta soke ta, kowa ya gani, sai ta huce a kan wanda ba ya nan.

"Ni ba na zuwa. Ta bi ku ta je. Amma duk wanda ya ƙirƙiro wannan abu, uwarsa ba ta koya masa kunya ba."

Yafet ya ce lallai, mutane ba su da ta-ido. Ya sayi kifin da ba ya bukata ya fita.

A cikin bas maganar ta zauna masa a ƙirji, don ba gaskiya ba ce, kuma ya fi kowa sani. Uwarsa ta koya masa kunya, da kanta ma ta nuna masa. Shi ne ɗanta na fari, kuma tun da ya yi wayo bai taɓa jin Inna ta ce Yafet ba. In tana nemansa sai ta ce wa ƙannensa, ku kira min wancan. In ya buga waya gida, ta tambayi wa ke magana, ya ce shi ne, sai ta ce, au, kai ne. Yana yaro abin ya sha ba shi haushi, har ya taɓa ɓuya a bayan rumbu yini guda don ta gaji ta kira sunansa. Ba ta kira ba. Ta zagaye gari tana tambaya ko an ga yaron gidan nan, da ta same shi ta zane shi tana hawaye. Duk wannan yana cikin kansa ranar da ya miƙe a kwamiti ya ce a Afirka uwa ce ke kiran suna. Bakinsa ne kawai ya riga kansa tashi.

Da ya ba Filomina labari ta yi dariya har sai da ta nemi kujera.

"Afirka tana da faɗi," ta ce tana share hawaye. "Ga ta nan ta biyo ka har Tremont." Sannan ta daina dariyar. "Yarinyar nan ba ta yi maka laifi ba. Ranarta ta farko ce a cikin baƙin mutane. Ka je ka gyara abin da ka ɓata."

Ya tafi zaman kwamiti na gaba da shirinsa. Zai kawo shawarar a sassauta, a ce kowane ɗan'uwa ko maƙwabci zai iya kiran sunan, ko ma a bar yara su faɗi nasu da kansu. Ya faɗa a hankali, kamar abin da ya faɗo masa a hanya. Aka yi shiru. Sai wani saurayin uba mai gemu, wanda bara ya fi kowa kuka, ya miƙe.

"Yafet, mun gode da karamcinka," ya ce. "Amma ba za mu lalata al'adar mutanenka don sauƙin kanmu ba. Mun yi wa mutane irin wannan da yawa a tarihi. Yadda kakanninka suka bar ta, haka za mu riƙe ta."

Kawuna suka gyaɗa a duk faɗin ɗakin. Wata mata ta ce ta ba 'yar'uwarta labari a wata jiha, su ma makarantarsu na tunanin ɗauka. Yafet ya ɗaga kai. Kalmar gaskiya tana nan a bango daidai saitin idonsa, da manyan haruffa. Ya miƙe, ya buɗe baki da niyyar faɗin abin da ya kamata, sai ya ji muryarsa na cewa, "A wasu sassan Afirka kuma…" Ya kasa ƙarasawa. Ya koma ya zauna.

Elisabet ta daɗe tana kallonsa ta saman tabarau. Daga bisani ta ce ba ta ji an haɗu a kan matsaya ɗaya ba, don haka abin zai tsaya yadda yake. Ta ƙara da cewa a ɗakin nan dai ba a taɓa tilasta wa kowa yin magana ba. Yafet ya fito yana mamakin yadda mutum zai gina katanga da bakinsa, sannan a hana shi rushe ta don girmama kakanninsa.

Ba yadda ya iya, ya koma Tremont. Yana sa ƙafa a shagon Hajiya ta ɗago kai ta ce wa matan da ke zaɓen atamfa, "Ku matsa, ga mai al'ada ya zo."

Ashe a nan Filomina ke sayen manja. Ta riga shi zuwa, kuma ba ta rage komai ba.

"Baban Nankling, zauna," in ji Hajiya. "Ka ba mu labarin garin naku da uwa ke tsayawa a fili tana ihun sunan ɗanta. Kumasi na sani, Tamale na sani, Kano na je saro kaya. Wannan garin ne ban taɓa zuwa ba."

Matan suka kwashe da dariya. Yafet ya zauna a kan buhun shinkafar nan, ya bar su suka yi mai isarsu, don ya san ya ci bashin abin dariya. Da shagon ya lafa ya yi magana, kuma a karon nan gajeriya ce.

"Hajiya, ni kin gama da ni, na yarda. Amma yarinyar za ta miƙe ranar, ko kin zo ko ba ki zo ba. Ki zo ki tsaya a gefenta kawai."

"In tsaya in yi me? Su zuba min ido kamar gunki?"

"A bikin suna na gaskiya, wa ke faɗin suna? Ai ba uwa ba ce. Uwa tana ɗaki. Sanƙira ne ke fitowa ya shelanta wa jama'a." Ya dafa ƙirjinsa. "Ni zan zama sanƙiranki. In kin ba ni izini, ni zan faɗa."

Ta dube shi daga hula har takalmi. "Dokta guda?"

"Hoton ƙashi nake ɗauka, Hajiya."

Ta yi ɗan murmushi, amma bai kai ido ba. "Kai kana ganin taron ne damuwana. Yarinyar nan tana zaton ban son sunanta. Na rasa yadda zan gaya mata, Turancina na ciniki ne." Ta ɗauki waya. "Zan gani. Ban ce zan zo ba."

Ranar bikin da safe Yafet ya tsaya gaban madubi yana kokawa da aƙidar sauƙin kai. Ta kayar da shi rabi, ya sa babbar riga amma mai ƙaramin aiki. Shi da Filomina da Nankling suka biya suka ɗauki Raudatu, ta zauna kusa da Nankling a jirgi.

Ɗakin taron fari ne fat, ba hoto ba ado, bencina na katako a jere ta kowane gefe suna kallon tsakiya. Iyaye suka shigo cikin rigunan sanyi masu launin toka da ruwan ƙasa. Ana dab da rufe ƙofa sai ga Hajiya Hawawu cikin leshi ruwan gwal, ɗaurin kai kamar za a kai amarya, awarwaro na ƙara, turarenta ya riga ta isowa. Ta ratsa ta zauna tsakanin 'yarta da Yafet.

"Ban ce zan tashi ba," ta raɗa masa. "Kuma kar ka buɗe baki sai na ce."

Aka yi shirun buɗewa. Sannan Elisabet ta yi bayani, ta ambaci hikimar mutanen Yafet, shi kuma ya dubi takalminsa. Aka fara. Yaro ya miƙe, uwa ta miƙe ta kira shi, ɗaki ya amsa da cewa an karɓe shi, ya taka zuwa bencin tsakiya inda tsofaffin ɗalibai ke jira. Wani bayan wani, layi na matsowa. Yafet na jin kowane suna kamar ana ƙirga masa kwanaki.

Aka zo kansu. Raudatu ta miƙe, hannuwanta a manne da jiki, idonta a ƙasa. Hajiya ba ta motsa ba.

Shiru ya sauka. Su 'yan Kweka ko a jikinsu, abin da suka fi iyawa ke nan. Wasu ma sun lumshe ido. Yafet kuwa ya ji duk ƙaiƙayin duniya ya taru a harshensa. Ga yarinya a tsaye ita kaɗai, ga suna a bakinsa a shirye, kalma ɗaya ta isa ta fitar da ita. Amma an ce kar ya buɗe baki. Ya damƙe gefen benci da hannu biyu. Tun da ya zo duniya bai taɓa yin aiki mai wuyar wannan ba, kuma ya tsani kansa da gaske a lokacin, don shi ya sa 'yar mutane a wannan tsayuwa saboda kawai ya kasa jure ƙugin cikinsa.

Sai ya ji ƙarar awarwaro. Hajiya ta miƙe. Ba ta dubi taron ba, 'yarta ta duba, kuma da Hausa ta yi magana, a hankali, kamar su biyu ne a kicin.

"Tana cewa ban taɓa kiran sunanta ba. Gaskiya ne. Sunan ya fi ƙarfin bakina. Ranar da uwana ta rasu a Kumasi ina nan ina sayar da kifi, ban je na wanke ta ba, ban ga inda aka sa ta ba. Da na haifi wannan sai na ce Allah ya mayar min." Ta ɗan tsaya. "Ba ɗiya na kawo muku ba. Uwana na kawo muku. Ku riƙe ta da kyau."

A duk ɗakin mutum huɗu ne suka gane abin da ta ce. Raudatu ta ɗago kai.

"Baban Nankling," in ji Hajiya, "faɗa musu."

Yafet ya miƙe. Ya yi niyyar faɗa a tsanake, yadda ya dace da wurin, amma shirun da ya tara ya yi yawa, kuma duk ta ƙofa ɗaya ya fito.

"Raudatu!"

Wani jariri a baya ya fashe da kuka. Wani dattijo ya kai hannu ya rage na'urar kunnensa. Ɗakin ya farfaɗo ya amsa da cewa an karɓe ta. Amma yarinyar ba ta taka ba. Tana tsaye tana kallon uwarta, kamar sunan da aka kira na wata ce a wani gari. Yafet ya ja numfashi zai maimaita, Filomina ta kama bakin babbar rigarsa ta ja shi ya zauna.

"Mma," in ji Hajiya, can ƙasa-ƙasa.

"Na'am," in ji yarinyar.

Da Hausa ta amsa. Hajiya ta gyara mata hijabin da bai karkace ba, ta ɗan tura ta a kafaɗa. Raudatu ta taka zuwa bencin tsakiya, Nankling ta matsa mata wuri.

Bayan an tashi, ana shan shayi a tsaye, uban nan mai gemu ya zo da jajayen idanu ya kama hannun Yafet, ya ce wannan sabon salon ya fi na bara ma, ko daga wane yanki aka samo shi? Elisabet na gefe, ta tambaya a hankali me matar ta ce. Yafet ya ji kalmomin nan biyu sun hau harshensa sun zauna, a shirye, da jawabi guda a bayansu. Ya haɗiye su da shayi mai zafi.

"Ta ce uwarta ce," ya ce. "Ta ce ku riƙe ta da kyau."

Suka jira sauran. Ya nuna musu inda Hajiya ke tsaye tana raba wa malamai katin shagonta, ya ce in suna da tambaya ga mai amsa can.

Ya fita bakin titi, motoci na wucewa, ya lalubo lambar ƙaninsa a ƙauye. A can rana ta yi sanyi, lokacin da Inna ke zama a gindin bishiya tana tsince wake. Aka kai mata wayar.

"Wa ke magana?"

"Ni ne, Inna."

"Au, kai ne."

Ya tsaya da waya a kunne, yana jin kukan kaji da wani yaro na daka a nesa. Bai ce komai ba.

"Lafiya?" ta ce. "Tun da aka haife ka ban taɓa jin ka yi shiru haka ba. Ko ba ka da lafiya ne?"

"Lafiya lau, Inna. Ki sake faɗa."

"In faɗi me?"

"Abin da kika ce da farko."

Ta yi tsaki irin na tsofaffi, ta ce wa wani a gefe Amurka ta fara taɓa masa kai. Sannan ta dawo kan wayar.

"Na ce kai ne."

"Na'am," in ji Yafet.